Sharhi a Kan Wani Shagon Irin Lambu a Sakkwato da Umarnin Shukar da Ke Bayan Fakitocinsa

A cikin jerin shagunan kayan noma da ke kusa da babbar kasuwar Sakkwato akwai guda ɗaya da ya fi mayar da hankali ga irin kayan lambu fiye da taki da maganin feshi, kuma a kansa wannan sharhi zai tsaya. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe duka ana samunsu a shaguna da dama irinsa, a cikin birni da kasuwannin ƙauye. A wurin nake sayen irin da nake shukawa a wani ɗan lambu da ke fadamar Rima, saboda haka na ga yadda kayansu suke fitowa a ƙasa, na kuma ga yadda suke yi wa masu saye bayani. Irin da suke sayarwa yana da kyau, ajiyarsa ma babu laifi, amma umarnin lokacin shuka da aka buga a bayan wasu fakitocin an rubuta shi ne domin ƙasashen da ake yin sanyin ƙanƙara, kuma shagon bai yi abin da ya isa ba wajen kare mai saye daga bin wannan umarni a ƙasar da ba ta san ƙanƙara a gona ba.

Mafi yawan kayan shagon irin da manoman rani suka saba da shi ne. Akwai tumatir Roma VF da UC82B a cikin gwangwani, akwai irin haɗin aure da ake rubuta wa F1 mai tsada, akwai jar albasa 'yar Galmi da Red Creole, sai karas, kabeji, latas, tattasai da attarugu. A gefe guda akwai kwanonin irin gida, wato alayyahu, yakuwa, rama da kuɓewa, waɗanda ake aunawa da cokali ko murfin kwalba. Abin da ya fi jan ido kuwa shi ne wani allo da ke bakin ƙofa, inda aka jera ƙananan fakitoci masu hotuna masu ƙyalli da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Waɗannan fakitoci su ne suke ɗauke da umarnin da nake magana a kai, kuma su ne sababbin masu sha'awar lambu suka fi kai wa hannu, saboda kuɗinsu bai kai na gwangwani ba, kuma ƙwayar da ke ciki ta isa ɗan fili a tsakar gida.

Ta fuskar ajiya shagon ya cancanci yabo. Gwangwanaye da manyan fakitoci suna can ɗakin ciki inda rana ba ta kaiwa, ba a kan tebur a bakin titi ba kamar yadda ake gani a wurare da yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Zafi da laima su ne suke kashe iri tun yana cikin ledarsa. Irin tumatir yakan jure shekaru kaɗan idan an adana shi da kyau, amma irin albasa gajeren rai gare shi, domin da wuya ya wuce shekara guda a yanayinmu ba tare da ƙarfin tsirowarsa ya ragu sosai ba. Mai shagon ya san haka, kuma na lura ba ya ajiye irin albasar bara ya haɗa da na bana. Irin da na saya daga ɗakin ciki ya tsiro yadda ake so, tumatir a cikin mako guda, albasa ta ɗan fi jinkiri kamar yadda ɗabi'arta take. Allon bakin ƙofa kuwa yana shan hantsi kullum, kuma launin wasu fakitocin har ya koɗe, abin da ya isa ya sa mai hankali ya nemi a ɗauko masa daga ciki.

Umarnin da ke bayan waɗannan fakitoci yana cewa a yi rainon tumatir a cikin ɗaki mako 6 zuwa 8 kafin sanyin ƙanƙara na ƙarshe, tattasai kuma mako 8 zuwa 10, sannan a fitar da su waje a dasa bayan haɗarin sanyin ya wuce. Wannan magana daidai ce ƙwarai a inda aka rubuta ta. A Ingila, Jamus, Kanada da arewacin Amurka, idan dare ya yi tsit babu iska babu gajimare, ƙasa takan saki ɗuminta har ma'auni ya sauka zuwa digiri 0, sai raɓa ta daskare a kan ganye, ruwan da ke cikin ganyen ma ya daskare ya fasa shi daga ciki, da safe manomi ya tarar da tumatirinsa ya yi baƙi ya kwanta. Dare ɗaya ya isa ya ƙarar da aikin wata biyu. Saboda haka manoman can suke ƙulla duk lissafinsu da ranar da aka saba ganin irin wannan dare na ƙarshe, wadda a wurare da yawa takan faɗo tsakanin Afrilu da Mayu. A Jamus al'ada ce a jira 15 ga Mayu ta wuce kafin a fitar da tsirrai marasa jure sanyi, a Ingila kuma da yawa suna jira har ƙarshen Mayu. Kabeji, latas da albasa suna jure ɗan sanyin, don haka su ana fitar da su tun kafin wannan rana. Taswira mai launuka da ake gani a bayan fakitocin Amurka ma daga nan ta samo asali, domin Ma'aikatar Noma ta Amurka ta raba ƙasar gida 13 bisa tsananin sanyin da kowane yanki ke gani, kuma ta sabunta taswirar a 2023. Ita kanta ranar sanyin ƙarshen matsakaicin lissafi ce da ake fitarwa daga bayanan shekaru 30, ma'ana a kusan rabin shekarun sanyin yakan zo bayan ranar da aka ambata, shi ya sa ko a can manomi mai tsoron asara yake ƙara mako ɗaya ko biyu a kai.

Matsalar tana tasowa ne idan mutumin Sakkwato ya karanta wannan umarni, ya rasa ranar da zai ƙulla lissafinsa da ita, ya shiga intanet ya ga ana cewa a yi raino a Maris a dasa a Mayu, sai ya bi. A nan babu lokacin da ya fi wannan muni ga tumatir. Maris zuwa Mayu su ne watannin da zafi ke kai ƙololuwa, dare ma ba ya hucewa, kuma tumatir yana da iyakar da ba ya ƙetarewa: idan zafin rana ya zarce digiri 35 kuma na dare bai sauko ƙasa da 24 ba, garin da ke cikin furen yakan mutu, furen ya bushe ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Mai lambu zai ga itacen ya yi ganye shar, ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, amma ba zai ga abin tsinka ba, daga nan ya yanke hukuncin cewa an sayar masa da mugun iri. Na ji irin wannan ƙorafi a bakin shagon, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar irin lafiyarsa lau, watan da aka shuka shi ne ya cuce shi.

Gaskiyar lamarin ita ce lissafinmu a juye yake da nasu. Sanyin hunturu da ke sauka daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kaɗowa daga Sahara da ƙura, da dare yakan tsaya ne a wajen digiri 15 zuwa 17, wani lokaci ya ɗan yi ƙasa da haka a fadama, kuma wannan shi ne yanayin da tumatir, albasa, kabeji, karas da latas suka fi so. Mutanen Turai suna jiran sanyi ya tafi kafin su dasa, mu kuwa muna gaggawar dasawa domin sanyin ya tarar da tsirrai a fangali. Iyakar da ke kanmu tana ƙarshen lokacin ne, wato shigowar zafi a Maris, saboda haka daga can ake ƙirgowa baya. Tumatir yana yin mako 4 zuwa 5 a wurin raino, yana fara fure kamar wata guda bayan dashe, kuma nau'o'in da aka saba da su suna fara nuna kwana 70 zuwa 80 bayan dashen. Wanda yake so furensa ya faɗo a Disamba da Janairu dole ya yi raino daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ya dasa daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya fara ɗiba a Janairu ko farkon Fabrairu. Wanda ya dasa a Disamba yana iya samun wani abu, amma ɗibarsa ta ƙarshe za ta yi karo da zafi. Masu noman alkama a madatsun ruwa irin na Goronyo da Bakolori sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida, domin shawarar malaman gona ita ce a shuka alkama tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba, kuma duk wanda ya makara zangarniyarsa ba ta cika.

A nan ne darajar shagon ta fi fitowa, kuma darajar tana cikin kan mai shagon ne. Idan ka same shi zaune ka ce kana son irin tumatir, ba ya fara nuna maka gwangwani. Yakan fara tambayar inda gonarka take, ko fadama ce ko tudu, da ruwan da kake ban ruwa da shi, sannan ya ce, "Malam, wane wata kaka son ɗiba?" Daga amsar da ka bayar yake ƙirga maka baya da yatsu har zuwa makon da ya kamata ka zuba iri. Wata rana ina wurin wata mata ta nuna masa bayan fakitin da ta ɗauko daga allo tana tambayar yaushe ne wannan sanyi na ƙarshe yake zuwa, sai ya amsa mata da girmamawa, "Hajiya, wanga lissahi na masu ƙanƙara na, mu nan zahi ka korar mu." Ya karɓi fakitin ya rubuta mata watan raino da watan dashe a jikinsa da biro. Wannan hidima ba a biyan kuɗinta, kuma a ganina ta fi rangwamen da wani shagon zai yi maka a kan farashi.

Ya kuma san cewa farkon lokacin ma yana da tasa iyakar, sai dai ruwa ne yake tsayar da ita. Damina a Sakkwato takan kankama a Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma fadamun Rima da gulbin Sakkwato, irin su Kwalkwalawa da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suna cika a Agusta da Satumba. Ba a shiga fadama da dashe sai ruwa ya janye ƙasa ta sha iska, kuma a shekarar da ambaliya ta yi yawa, kamar 2010, janyewar takan yi jinkiri ƙwarai. Shawararsa ita ce a yi raino a tudu, a ɗaga gadon rainon sama da ƙasa domin kada ruwa ya kwanta, a yi masa rumfar ciyawa mara kauri da za ta kare tsiron daga dukan ruwan sama na ƙarshe da zafin Oktoba, sannan a riƙa rage rumfar a makon ƙarshe domin tsiron ya saba da rana kafin a cire shi. Ta haka ranar da fadama ta buɗe dashen yana nan a shirye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya jira ruwa ya janye kafin ya zo sayen iri ya riga ya yi asarar wata guda daga cikin watannin sanyi da ba su fi uku ba. Abin sha'awa shi ne wannan rage rumfa a hankali shi ne kaɗai ɓangaren umarnin fakitin da ya yi daidai da aikinmu, domin su ma suna fitar da tsirrai waje na 'yan sa'o'i kullum kafin dashe, sai dai su sanyi da iska suke sabar wa tsiron, mu kuma rana.

Inda na fi ganin laifin shagon shi ne wajen albasa. A kan allon bakin ƙofa akwai fakitocin manyan albasa farare da rawaya na ƙasashen sanyi, masu hoto mai ban sha'awa, kuma babu abin da ya kamata ya kawo su Sakkwato. Albasa ba zafi ko sanyi kaɗai take bi ba, tsawon yini ne yake gaya mata ta daina ganye ta fara yin kai. Nau'o'in arewacin Turai da arewacin Amurka suna bukatar hasken yini na awa 14 zuwa 16 kafin su yi kai, domin a can yinin tsakiyar shekara yana kai haka. Sakkwato kuwa tana kusan digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma yininmu mafi tsawo a Yuni ba ya kai awa 13, a Disamba kuma yana sauka ƙasa da awa 11 da rabi. Irin wannan albasa ko a wane wata aka shuka ta a nan lawashi za ta yi ta yi har ta gaji, ba za ta yi kan da zai shiga buhu ba. Babu gyaran kalanda da zai magance wannan. Albasar da ta dace da mu ita ce mai bukatar gajeren yini, awa 10 zuwa 12, irin 'yar Galmi da ta fito daga garin Galmi na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ba nisa da iyakarmu ta Illela, da Red Creole, da irin gida da manoman Gada, Wurno, Kware da Aliero suke ajiyewa da kansu. Ita wannan ana rainonta a Satumba zuwa Oktoba, a dasa bayan mako 6 zuwa 8 lokacin da tsiron ya kai kaurin fensir, ta yi ganye a cikin sanyi, sannan zafin Fabrairu da Maris ya taimaka mata ta ƙosa ta bushe wuya. Mai shagon da kansa ya san waɗancan fakitoci ba su da amfani a nan, kuma idan yana nan yakan hana mutum saye. Tambayar da ban samu gamsasshiyar amsarta ba ita ce me ya sa suke rataye a ƙofar tun farko.

Latas da karas da kabeji ba su da wannan matsala ta tsawon yini sosai, amma zafi yana yi musu illa ta wata hanya. Irin latas yakan ƙi tsirowa idan ƙasa ta kai kusan digiri 30, wanda ya girma kuma zafi yakan sa ya miƙe ya fitar da kara ya yi ɗaci, saboda haka Nuwamba zuwa Janairu ne lokacinsa. Karas ba a dasa shi, a fangali ake yafa shi kai tsaye, kuma nau'in Kuroda da shagon ke da shi ya fi jure ɗumi. Akwai kuma wani tarko a cikin adadin kwanakin nuna da ake bugawa a fakiti, wanda ya kamata yaran shagon su riƙa faɗa wa mai saye: ga tumatir, tattasai da kabeji ana ƙirga kwanakin ne daga ranar dashe, ga karas kuma daga ranar shuka. Wanda ya ga kwana 75 a fakitin tumatir ya ɗauka daga ranar zuba iri ne zai yi kuskuren fiye da wata guda a lissafinsa.

Adalci ne a faɗi cewa akwai kayan lambun da umarnin jiran sanyi ya wuce yake da ma'ana a kansu ko a nan. Kuɓewa, kankana, kokwamba da alayyahu masu son ɗumi ne, kuma duk da sanyinmu ba ya kashe su, yana tsayar da girmansu. Kuɓewar da aka shuka a tsakiyar Disamba takan daɗe ba ta tsiro ba, idan ta tsiro kuma ta tsugunna wuri ɗaya tana cin ruwa da taki a banza. Ga waɗannan, ko dai a shuka su da wuri da zarar ruwa ya ɗauke domin su yi ƙarfi kafin hunturu, ko a jira sanyi ya fara sakin jiki a Fabrairu. Tattasai da attarugu suna tsakiya, domin sun fi tumatir jinkiri a raino, sanyin Janairu yana rage musu sauri, zafin Afrilu kuma yana zubar musu da fure, saboda haka su ne ya kamata a fara zubawa kafin komai.

Wani abu da na ji yana yawan gyara wa masu saye shi ne ƙulla lokacin shuka da watan Musulunci. Mutum zai ce bara bayan Mauludi ya yi raino kuma ya dace, don haka bana ma haka zai yi. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka a cikin shekara uku alamar ta gusa da fiye da wata guda, sanyi da zafi kuwa ba sa gusawa tare da ita. Tsofaffin manoma da malamai na ƙasar nan sun kauce wa wannan tun da daɗewa ta hanyar lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13, bakwai ga damina, bakwai ga kaka, bakwai ga ɗari, bakwai ga bazara, lissafin da ke tafiya da shekarar rana. Idan dattijo ya shigo yana magana da sunan tauraro, mai shagon yakan bi shi a haka cikin ladabi yana ce masa Baba, idan kuma ɗan boko ne sai ya koma masa Oktoba da Nuwamba. Hasashen shekara da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara ya fi amfanar mai noman damina, amma mai lambu ma yana iya duba lokacin ɗaukewar ruwa da aka yi hasashe domin ya tsara rainonsa.

Duk wannan ilimi yana tafiya ne da mutum ɗaya, kuma nan ne babban raunin shagon. Mai shagon ba ya zama kullum, yaran da ke tsare wurin kuma suna da ladabi da saurin hidima, amma idan ka tambaye su lokacin shuka sai su juya fakitin su karanta maka abin da aka buga, ko su ce ai kowane lokaci yana yi idan akwai ruwa. Manomin fadama da ya gaji aikin daga mahaifinsa ba ya cutuwa da wannan, domin ba ya karanta bayan fakiti, ya san watansa. Waɗanda suke cutuwa su ne matan aure da suke noma a buhu a tsakar gida, ma'aikatan da suka yi ritaya suka kama lambu, da matasan da suka ga hotuna a Facebook suka yi sha'awa, wato daidai mutanen da suka fi amincewa da rubutu kuma suka fi sayen ƙananan fakitocin. Takarda guda da aka rubuta da Hausa, da boko da ajami, mai nuna watan raino da watan dashe na kowane iri a Sakkwato, a liƙa ta a jikin allon, da ta kashe wannan matsala gaba ɗaya, kuma kuɗinta bai kai ribar gwangwani ɗaya ba. Na faɗa wa mai shagon haka, ya ce shawara ce mai kyau, amma har yanzu allon yana nan yadda yake.

Farashinsu bai fi na maƙwabtansu araha ba, a wasu kayan ma ya ɗan ɗara, kuma ba a cika yin ciniki a kan irin gwangwani ba. Irin F1 ya ninka na gama-gari sau da yawa, kuma suna faɗa wa mai saye gaskiya cewa ba a ajiye 'ya'yansa domin shukar baɗi, saboda abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Wasu fakitocin da aka shirya a cikin Najeriya suna ɗauke da tambarin SEEDCODEX na hukumar NASC mai kula da ingancin iri, wanda ake kankarewa a tura lambar ta waya domin tantancewa, kuma yaran suna barin mutum ya gwada a gabansu. Suna ba da rasit idan an nema, kuma yana da kyau a sa su rubuta sunan nau'in da lambar da ke jikin gwangwanin a kai. Abin da ban so ba shi ne fasa gwangwani ana sayar da iri da cokali a ƙullin leda mara suna mara kwanan wata. Na fahimci dalilin, domin ba kowa ne yake iya sayen gwangwani guda ba, amma gwangwanin da aka fasa yana shan iska da laima, kuma babu yadda mai saye zai san tun yaushe aka buɗe shi. Wanda ya sayi irin wannan ya ƙirga ƙwaya 20 ya naɗe a tsumma mai laima ya ajiye a inuwa, idan bayan mako guda ko kwana 10 waɗanda suka tsiro ba su kai 16 ba, ya ƙara yawan irin da zai zuba ko ya mayar. Warin maganin feshi a ɗakin gaba ma yana da ƙarfi da rana tsaka, ko da yake an raba shi da inda ake ajiye iri.

Lissafin sanyi yana da wani sakamako a kasuwa da mai shagon ba ya ɓoyewa. Tunda kowa yana bin watanni guda, tumatir yakan cika Kasuwar Daji da sauran kasuwanni a Fabrairu da Maris har kwando ya faɗi warwas, a koma yankawa ana shanyawa, sannan daga Mayu zuwa Yuli ya yi tsada ya gagari talaka. Ga wanda yake noma domin sayarwa, shawararsa ita ce a raba rainon gida biyu ko uku da tazarar mako biyu, na farko tun tsakiyar Satumba a ƙarƙashin rumfa, domin ɗibar farko ta riski kasuwa kafin ta cika. Rainon farkon yana da haɗarin ruɓewar tsiro saboda laima, kuma ya kamata mutum ya shiga da sanin haka.

Wanda ya zo shagon a Fabrairu ko Maris yana neman irin tumatir, idan ya yi sa'a ya tarar da mai shagon, zai ji an ba shi shawarar ya haƙura har Satumba. Ban da zubar fure, watannin zafi su ne lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suke kira sharon kuma ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano, Kaduna da Katsina a 2016, take yaɗuwa da sauri, sai kuɗin feshi da na man injin ban ruwa su cinye abin da za a samu. Akwai nau'o'in F1 da ake sayarwa a matsayin masu jure zafi, kuma shagon yana da su, amma juriyarsu tana da iyaka, kuma a Afrilun Sakkwato sai an haɗa musu da rumfa da ciyawa a gindin itace kafin su ƙulla abin kirki. Ga mai ɗan fili a gida, abin da ya dace ya fita da shi daga shagon a waɗannan watanni shi ne kuɓewa, alayyahu, yakuwa da kankana, kuma dukansu suna cikin kwanonin irin gida da ɗakin ciki, ba a kan allon ƙofa ba.